Jikar Mai Agogo

"Ni fa ban gane ba, Dogo! Duk zaman da muka yi tare, sai yau za ka gaya min?"

Auta ta ajiye agogon da take gyarawa, ta ture tabarau sama. Dogo na tsaye a bakin kantar shagon, kansa a sunkuye kamar yaron da ya fasa kofi.

"Wallahi ni ma jiya na sani, Autata. Ina kwatanta wa Mama shagonku don maganar aurenmu, sai kawai ta zauna a ƙasa..."

"Ta zauna a ƙasa?"

"Mahaifiyarta na cikin matan nan."

Nan take Auta ta gane. Ba sai ta tambayi waɗanne mata ba.

Shekara hamsin da ɗoriya, an yi ta tsintar gawar mata a lungunan bayan tashar jirgi, duk an shaƙe su, kuma har yau ba a kama wanda ya yi ba. 'Yan sanda sun ce mata biyar ne. Mutanen gari kuwa, da ba su iya barin labari yadda suka same shi ba, sun kai su goma sha biyu. Wai duk wadda aka kashe, agogon hannunta a tsaye ake samunsa. Wai daga nesa yake jin bugun zuciyar mace. Har yara ake tsoratarwa da shi: ka yi shiru ko Mai Agogo ya zo! Alhali mace ɗaya ce kaɗai take da agogo a cikinsu, shi ma fashewa ya yi da ta faɗi.

To, mai gyaran agogo ɗaya ne a unguwar, kakan Auta. Aka tsare shi, aka sake shi don babu hujja. Gari ne bai sake shi ba, har ya koma ga Allah.

"Yanzu ya za mu yi?" in ji Auta.

"Ta ce da kanta za ta zo da la'asar. Tambaya ɗaya za ta yi wa Kaka. In Kaka ta rantse mata ba shi ba ne, ta amince."

Auta ta saki wata dariya mai haɗe da hawaye.

"Shi ke nan? Haba masoyina, ka kusa kashe ni! Ai Kaka tun kafin a haifi babana take faɗa wa duniya ba shi ba ne."

Da gudu ta shiga ɗakin baya. Kaka na tsaye tana wana agogunan bango ɗaya bayan ɗaya, aikinta na kullum tun rasuwar mijinta.

"Wannan dogon naki mai kama da falwaya ne ya zo? Ki ce ya sunkuya, kada ya fasa min kwan lantarki."

Auta ta zayyana mata komai. Hannun tsohuwar ya tsaya a kan mabuɗi.

"Rantsuwa ta ce?"

"Kalma ɗaya ce fa, Kaka."

Kaka ta ci gaba da wana agogunanta.

Da la'asar Maman Dogo ta iso. Ƙaramar mace ce, ta ƙanƙame jakarta a ƙirji. Aka gaisa, aka tambayi gida, Auta ta kawo shayi, ya huce ba wanda ya taɓa.

"Inna," in ji baƙuwar, "ba faɗa ya kawo ni ba. Ina 'yar ƙarama uwata ta ce in jira ta, za ta sayo min takalmin makaranta. Har na girma ba na bin titin nan. Amma ɗana yana son jikarki, ni kuma ba ni da kowa sai shi. Ki dubi girman Allah ki rantse min ba mijinki ba ne. Zan yarda da ke."

Auta ta zuba wa Kaka ido, tana mata murmushin ƙarfafa gwiwa.

Kaka ta daɗe tana kallon baƙuwar.

"Na faɗa wa 'yan sanda ba shi ba ne. Na faɗa wa 'yan jarida, na faɗa wa 'ya'yana. Amma ba wanda ya taɓa sa ni rantsuwa, kuma ba wadda ta taɓa tambaya ta da uwarta a ciki."

"Kaka..."

"Mutum ne mai sanyin hali, ko murya bai taɓa ɗaga min ba. Sai dai yadda yake aikinsa, in ya gama gyara da kansa yake bi gida-gida da yamma yana kai wa kowa agogonsa. Wata rana ya dawo da wuri, wata rana ya daɗe. Ban taɓa ganin komai a jikinsa ba. Zuciyata ta ce ba shi ba ne. Amma sani..." Ta girgiza kai. "Ban sani ba, 'yata."

"Kaka!" Auta ta zube a gabanta. "Ki ce mana! Don Allah ki ce!"

"Ba zan kafa miki aure a kan rantsuwar da ban tabbatar ba."

Maman Dogo ta sauko daga kujera ta kama hannun Kaka. Suka yi ta kuka su biyu, kamar waɗanda aka yi wa rasuwa ɗaya. Ita dai Auta haushi ya cika ta, ga tausayi, ta rasa wanda za ta ɗora wa laifi.

"Na gode da ba ki yi min ƙarya ba, Inna." Sai ta juyo ga Auta. "Ke kuma ba ki da laifin komai. Na ga abin da ɗana ya gani a tare da ke. Amma na san kaina. Ranar da kika haifa min jika, hannunsa zan fara dubawa, ina tuna hannun da ya shaƙe uwata. Ba zan yi wa jariri haka ba."

"Mama, don Allah..." in ji Dogo.

Maman ta miƙe, ƙafarta ta ƙi ɗaukarta, ya yi maza ya tare ta. Sai da ya zaunar da ita a mota ya dawo bakin ƙofa, idanunsa jajur.

"Zan lallashe ta, Autata. Ki ba ni lokaci."

"Ba ka ga yadda ta fita ba?"

"To ni fa? Ni ya zan yi da raina?"

"Ka kai ta gida, masoyina." Ta share fuska da bakin mayafi. "Kuma kada ka dawo. In ka dawo ba zan iya korar ka ba."

Ta tsaya har motar ta sha kwana.

A ciki ta tarar da Kaka inda ta bar ta, ta ƙara tsufa a yini ɗaya.

"Ki yafe min, Auta."

Auta ta matso kusa da ita. Ta zauna a ƙasa gabanta, ta miƙa mata hannuwanta biyu.

"Kaka, hannuna irin na wa ne?"

Tsohuwar ta riƙe su tana juyawa a hankali, hawaye na ɗiga a kansu.

"Irin nasa ne. Har yatsun."

Sai ta kifa fuskarta a cikinsu, ta ƙi saki.