Keken da Aka Ce Bai Iso Ba

Da hantsi mai walda ya shigo ofishin Sufeto, farcensa duk shuɗin fenti, ya ajiye waya a kan tebur.

"Yallaɓai, an yi mini sata, ko ƙofata ba a taɓa ba."

Keken guragu yake ƙerawa yana tallarsu a intanet. Wani ma'aikacin ofis ya saya wa mahaifiyarsa ɗaya, ya biya da kati. Bayan wata guda ya ce wa bankinsa kaya bai iso ba. Kamfanin biyan kuɗin ya zare kuɗin daga asusun mai walda, ya rufe asusun. In ba a buɗe ba, shago ya mutu.

Sufeto ya kira kamfanin.

"Ba kun ce kuna kare masu sayarwa ba?"

"Muna karewa," in ji wata ma'aikaciya. "In an aika ta kamfanin kai saƙo, da rasit, zuwa adireshin da ke kan ciniki. Shi da kansa ya kai, kuma wani gida daban. Sai dai in kun kawo hujja."

Sufeto ya harari mai walda. "Kai ma dai! Me ya kai ka?"

"Ya ce tsohuwar ta yi wata biyu ba ta ga rana ba. Masu kai saƙo sai mako guda. Na kasa jira."

Sufeto da mai walda suka sami mai sayen a ofishinsa. Ya gyara tabarau ya rantse har da dafa ƙirji.

"Ban taɓa ganin mutumin nan ba. Mamana tana kwance har yanzu."

"Allah ya ba ta lafiya," in ji Sufeto. "Tashi mu je mu gaishe ta."

Mai sayen ya tashi ba da son ransa ba, suka tafi su uku.

A ƙofar gidan Sufeto ya tsaya cak. An shimfiɗa ƙaramin gangaren ƙarfe a kan dokin ƙofa, shuɗi shar, irin fentin farcen nan.

"Wannan fa?"

"Ni na yi," in ji mai walda a kunyace. "Na ga keken ba zai haye ba. Kyauta ne."

Sai ga ƙarar taya. Tsohuwa ta gangaro da kanta, tana ganin mai walda ta ɗaga hannu.

"Ɗan albarka! Kullum sai na sa ka a addu'a. Ka ga yanzu har bakin titi nake zuwa."

Mai tabarau ya durƙusa. "Yallaɓai, ni na yi ƙarya. Na san ba shi da rasit. Na zaci kamfani ne zai yi asarar."

Aka sa masa ankwa. Sufeto ya ce wa mai walda yau rahoto zai tafi kamfanin. Mai walda ya riƙe hannun Sufeto da hannu biyu yana ta godiya.

Tsohuwa kuwa ta dubi ɗanta, ta dubi keken.

"Ashe a kan haƙƙin mutum nake zaune?"

Ta dafa hannun keken tana ƙoƙarin sauka. Mai walda ya yi wuf ya tsuguna gabanta.

"Zauna, Mama. Da awonki na ƙera shi, ba zai yi wa kowa daidai ba."