Dalmar da Aka Ajiye wa Gobe

A wani zamani an yi wani masunci a bakin teku, yana da dalma biyu na ɗaura wa fatsa don ta yi nauyin jifa, ƙarama da babba. Babbar gadon mahaifinsa ce, yana tsoron duwatsu su riƙe ta.

Duk ranar da ruwa ya yi fushi, matarsa takan ce, "Maigida, ɗaura babbar mana, manyan kifaye suna can nesa."

Yakan ce, "Sai gobe." Ya jefa ƙaramar, igiyar ruwa ta dawo masa da ita.

Gobe ta bi gobe, har matar ta rasu ba ta ɗanɗani babban kifi ba. Ran nan ya ɗaura babbar, ya jefa, ashe hannu ya tsufa. Dalmar ta faɗi a gindin ƙafarsa.