Ƙodar da Ba a Karɓa Ba

"Ku cire tawa! Na ce ku cire tawa ku sa masa, ai biyu gare ni!"

Bara'atu ta cukuikuye hannun rigar Daktora Marwa a ƙofar ɗakin da ake kwantar da waɗanda rai ke hannun Allah. Ta cikin gilashi ana hango masoyinta Maigandi a kwance, roba ta hanci roba ta baki, wata na'ura a gefensa tana jan jininsa tana wankewa tana mayarwa.

"Ya binti, saurare ni," likitar ta ce da Hausarta ta mutanen Sudan. "Wannan ba irin ciwon da ake yi wa dashe ba ne. Cuta ta shiga jininsa, ga ƙarancin ruwa, ga ƙwayoyin kashe ciwo da ya yi ta sha, shi ne ƙodojin suka tsaya farat ɗaya. Ko kin ba shi taki, jikinsa ba zai ɗauki tiyata ba."

"To me zan ba shi?"

"Babu... sai addu'a. Kin ga jakar can da ke rataye jikin gado? In fitsari ya fara sauka, ƙodar ta farfaɗo."

Bara'atu ce fa, 'yar ƙwalisar unguwar Harra ta Yamma a Madina, wadda ko kalmar fitsari ba ta iya furtawa a gaban mutane. Yau ita ce ta kafa wa jakar roba ido, tana roƙon Allah ko ɗigo ɗaya.

Haifaffiyar Madina ce, kakanninta aikin Hajji ya kawo su suka zauna. Shi kuwa Maigandi ɗan Maraɗi ne, yana hawan dabino a wata gona a Khaibar. Dabino ya kawo shagon babanta suka haɗa ido, shi ke nan. A da ana yi mata Hausa tana mayar da Larabci, amma a bakinsa ta koyi cewa "ina kewarka". Shi kuma bai taɓa kiranta da komai ba sai Zinariyata.

Babanta, Alhaji Sanusi, ya ƙi ji ya ƙi gani. Ga Mu'azzam ɗan yayansa, mai aiki a matatar mai a Yanbu, ya daɗe da sa mata rai, kullum yana hura wuta.

"Baba, ɗan iƙama ne fa, takardar izinin zama kawai gare shi! Ranar da ya kwanta ciwo, kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, zai sallame shi, a sa shi a jirgi. Sai ta bi shi ina?"

Maganar nan ta koma kunnen Maigandi, kuma ita ta kayar da shi. Da ƙayar dabino ta soke shi a ƙafa, ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya rufe shi, bai gaya wa kowa ba. Ya dinga afa ƙwayoyi yana hawa bishiya a tsakar rana, don kada a ce ya kwanta. A ƙarƙashin dabino aka tsince shi.

"Bara'atu."

Ta juyo. Babanta ne, Mu'azzam na raɓe a bayansa ya kasa ɗaga kai.

"Baba, kun ga ya kwanta," ta ce. "Ba a sa shi a jirgi ba. Kun huta?"

Tsohon ya daɗe yana kallon ƙafar Maigandi da aka naɗe. Sai ga hawaye a gemunsa.

"Khalas, ya binti. Na ba shi ke. Ya tashi kawai, a Harami za a ɗaura."

Daktora Marwa ta bar su suka shiga tare. Bara'atu ta durƙusa daidai kunnensa.

"Habibi... ka ji? Baba ya yarda! Zinariyarka ce... don Allah ka tashi, rabin raina."

Gashin idonsa ya ɗan motsa. Da sauri ta waiwaya ta dubi jakar.

Babu komai.

Haka ta yi ta zarya, safe da yamma. Kafin ta gaida kowa, jakar take fara dubawa. Bugun jininsa ya yi ta sauka har na'urar ma ta gagara aiki, zuciyarsa ta gaji. Ranar Alhamis da hantsi ya cika.

Harami aka kai shi, kamar yadda Alhaji ya ce, sai dai sallah aka yi masa bayan la'asar. Mata suka cika gidan su Bara'atu, kowace da abin da take faɗa.

"Kai, yaron nan ya dace! Maƙabartar Baƙi'a fa!" in ji Gwaggo Murja. "Mutanen gida kuka suke su samu ƙasar nan. Ki yi masa murna, 'yata."

"Na yi masa, Gwaggo," ta ce a hankali. "Ni wa zai yi mini?"

Ba a barin mata su shiga maƙabartar. Washegari ta tsaya a bayan katanga tana leƙe ta ƙarafuna. Duwatsu ne birjik, babu suna ko ɗaya, ba ta ma san wanne ne nasa ba.

Ta dafa kwiɓinta. Ƙodojin duka biyun suna nan lafiya lau, babu wanda ya karɓa.