Tumun Gonar Yakubu

Wanda bai san Damargu ba zai ce gero abinci ne kawai. A nan gero shi ne mutuncin namiji, kuma yawan rumbunanka shi ne yawan gaisuwar da za a yi maka a hanya. Shi ya sa duk sanda na tuna Yakubu nake jin haushinsa, ina kuma jin tausayinsa, domin ba yunwa ce ta kai shi inda ya je ba. Gaisuwa ce.

Yakubu manomi ne a wani ƙauye kusa da Falanko, yana cikin gidaje bakwai na Kirista da ke zaune lafiya tsakanin maƙwabtansu Musulmi. Shi ke ba da waƙa a majami'arsu ta laka. Yana da mata, Asibi, da ɗa, Kabiru, mai karatu a lakwal a Tanut, da ƙaramar 'ya, Samira, sai tsohuwarsa Iya Fatu. Rumbunsa biyu, suna kai su ƙarshen shekara da ƙyar, amma suna kaiwa. Kowace kaka, ranar godiya, yakan ɗauki damin farko na gonarsa ya kai majami'a, a yi addu'a, mata su sussuka, su dama fura, kowa ya sha.

Sai fara ta sauka shekara biyu a jere. Yakubu ya fara kallon rumbunan wasu yana haɗiyar yawu. Yana tsaye yana ba da waƙar dogara ga Allah, zuciyarsa tana wajen wani labari da ya ji a kasuwa, na wani boka a bayan Belbeji da ake kira Mai Tulu.

Ya ce wa Asibi zai je neman iri. Ya isa da rana tsaka, rana na dukan ƙasa, amma da ya shiga inuwar aduwar da bukkar bokan take sai ya ji sanyi ya kama ƙafafunsa. Babu tsuntsu ko ɗaya a bishiyar. Cikin bukkar kawunan awaki ne jere a kan turaka, busassu, duk suna fuskantar wuri guda. A wurin akwai wani baƙin tulu da aka binne har wuya, an naɗe masa baki da jan ƙyalle, gashin kaji ya manne a jikinsa da tsohon jini. Wani irin wari ke fita daga ciki, kamar na hatsin da ya ruɓe a rumbu. Tulun kuma yana wata ƙara ƙasa-ƙasa, kamar akwai zuma a ciki.

Mai Tulu tsoho ne siriri, bai ɗaga kai ba ya ce, "Mai waƙa, ka makara. Tun bara tulu ke jiranka."

Yakubu ya ja da baya. Ya ce, "Baba, ni Kirista ne. Ba zan ba da jinin kowa ba."

"Na ce ka kawo jini? Tulu bai tambayi addininka ba. Me kake so?"

"Gero. Wanda za a yi magana a kansa."

Tsohon ya tura hannu cikin tulun har kafaɗa, ya fito da tsabar gero cikin tafinsa, baƙa wuluk. "Ka gauraya da irinka. Sharaɗi biyu ne. Zangarniyar da ta fara nuna a gonarka ta tulu ce, ka kawo ta nan kafin wani baki ya taɓa ta, kowace shekara. Bakin da ya riga tulu ci, mai bakin ya zama na tulu."

"Zangarniya ɗaya kawai?"

"Ɗaya. Na biyu, ranar da ka faɗa wa wani, abin da ya zo zai koma yadda ya zo."

Yakubu ya juya maganar a ransa. Bai ga rami a cikinta ba. Zangarniya ɗaya, ai ko tsuntsu yana ɗaukar fiye da haka. Ya shimfiɗa hannu, tsabar ta zubo masa da ɗumi kamar jikin mai rai. Da zai fita sai ya ji tsohon yana dariya a hankali, yana cewa, "A gai da mutanen gida."

Shekarar nan gonar Yakubu ta yi abin da ba a taɓa gani ba. Zangarniya kamar damtsen namiji, tsutsa ta ci gonakin hagu da dama ta tsallake tasa. Ya yi gadin gonar da kansa, ya yanki zangarniyar farko ya kai. Rumbu biyu suka zama biyar. Shekara ta biyu suka zama tara, kamyo, babbar motar kaya, ya fara shigowa ƙauyen daga Agadas saboda shi. Mutanen da a da yake durƙusa musu suka fara cire takalmi a ƙofarsa. Ya sayi gonaki gabas da yamma, har wata mai nisa a hanyar Tanut. Ranar godiya yakan kai dami mafi girma, jama'a su yi ta sa albarka. Asibi ce kaɗai ta lura cewa muryarsa ta daina fita a waƙa, kuma ya daina rufe ido in ana addu'a.

Abin da Yakubu bai lissafa ba, Mai Tulu ya lissafa tun ranar farko. Mai gona ɗaya yana iya gadinta. Mai gona shida fa? Kuma wa ya isa ya hana matar Damargu gasa tumu? Da gero ya fara nuna, kafin a yi maganar girbi, uwa takan karyo zangarniya ɗanya ta gasa a wuta, ta murje wa yara da tsofaffi a tafin hannu. Haka aka tashi aka gani. Da zai hana Asibi, sai ya faɗi dalili, dalilin kuwa ba ya faɗuwa.

A shekara ta uku gonar nesa ta riga sauran nuna da mako guda. Ranar Yakubu yana kasuwar Tanut. Da ya dawo da la'asar, tun daga ƙofar gida ƙamshin tumu ya tare shi.

Asibi ta fito da fara'a. "Sannu da zuwa, Baban Kabiru. Ka ga ikon Allah, gonar nesa ta nuna. Na aje maka naka."

"Wa ya ci?"

"Iya ta fara, sai Kabiru, sai Samira. Ni haƙorina ya hana ni. Lafiya? Fuskarka ta canja."

A nan ne, jama'a, a daidai wannan tambayar, ƙofa take buɗe. Ya dubi matarsa, ya dubi rumbunansa tara da ke jere a bayanta, ya ce, "Lafiya lau. Gajiya ce."

Washegari ya koma bayan Belbeji a guje. Ƙarar tulun ta ƙaru, har ƙyallen bakinsa yana motsi.

"Baki uku," in ji Mai Tulu. "Yadda suka ci, haka zai ɗauka, ɗaya bayan ɗaya."

Yakubu ya zube a ƙasa. "Baba, ka karɓi geron, ka karɓi gonakin duka."

"Me tulu zai yi da gero? Daga cikinsa ya fito." Tsohon ya sassauta murya. "Sai dai akwai hanya. Ku ba kuna da ranar da kuke tara dami ku sha fura tare ba? Ka yanki dami daga inda aka karyi tumun nan, ka kai musu. Baki arba'in sun fi baki uku. In tulu ya samu waɗancan, zai saki wanda ya rage maka."

Iya Fatu ce ta fara. Yunwa ta kama ta, irin wadda ba a taɓa gani ba. Ta ci tuwon mutum uku ta ce ba ta ci komai ba, tana ci tana ramewa. Likita a Tanut ya duba ya rasa gane ciwon. Kwana goma sha biyu ta rasu, tana riƙe da hannun ɗanta tana cewa, "Ɗan nan, duk geron nan da kake da shi, ka bar ni da yunwa?" Musulmi da Kirista suka taru suka yi masa gaisuwa, shi kuwa ya sunkuyar da kai.

Kafin a gama girbi sai Kabiru. Yaron da malamai ke yabo ya fara toshe kunnuwa yana cewa rumbunan suna kiransa. Wata safiya aka same shi a cikin rumbu yana cusa ƙasa a baki yana dariya. Sai da maza huɗu suka riƙe shi. Asibi ta yi kuka har muryarta ta dushe, ta yi azumi, ta kira Fasto Shu'aibu ya yi addu'a. Faston, dattijo mai magana a hankali, ya ja Yakubu gefe ya ce, "Ɗan'uwa, in akwai abin da ke ɗaure a gidan nan, kai ka san inda ƙullin yake." Yakubu ya ce bai sani ba.

Ana saura kwana uku godiya, Samira ta aje kwanon da ta side ta ce, "Baba, ban ƙoshi ba."

Ranar Lahadi Yakubu ya ɗauro damin daga gonar nesa, daga daidai wurin. Ya ɗora a ka. Dami ne kamar kowane dami, amma wuyansa na neman karyewa. Ya shiga majami'a ya aje a gaba tare da na kowa. Asibi na zaune da Samira a cinya, yarinyar ta zama ƙashi da fata, tana tsotsar yatsa.

Fasto Shu'aibu ya yi wa'azi gajere. Ya ce duk wanda ya nemi taimako a wajen duhu, ya ɗauka ciniki ya yi, alhali kansa ya sayar. Ya ce bawa ba ya kwance kansa, kuma ba ya fansar kansa da kan wani, amma Yesu Almasihu ya riga ya biya fansar da babu tulu ko dutse ko iskar da ke da ta cewa bayanta. Ya ce sarƙa tana rayuwa ne a ɓoye, in aka fito da ita fili gaban Allah ta fara mutuwa. Yakubu bai taɓa gaya masa maganar tulu ba.

Aka yi addu'a. Mata suka taso ɗaukar dammuna zuwa wurin sussuka. Wata mai goyo ta kai hannu ga na Yakubu, 'ya'yanta biyu na biye da ita suna murnar fura.

"Kar ki taɓa!"

Ihun ya tsayar da kowa. Yakubu ya faɗa kan damin ya rungume shi, ya fara magana, magana na fita kamar amai. Ya faɗi aduwar, ya faɗi tulun, ya faɗi tumun, ya faɗi abin da ya kawo damin nan ya yi. Mai goyon ta ja 'ya'yanta baya tana kiran sunan Allah. Wasu maza suka miƙe da fushi, Fasto ya ɗaga hannu, ya juyo ga Yakubu.

"Ka rabu da shi, da bakinka, gaban Allah da jama'a?"

"Na rabu da shi. Ya Yesu, ka karɓe ni, ba ni da kowa sai kai. Ka bar mini yarinyar nan."

Suka fitar da damin da ragowar irin da ke ɓoye a ɗakinsa, suka cinna musu wuta a fili. Hayaƙin baƙi ne, warinsa na bukkar nan ne, kuma waɗanda ke wurin sun ce sun ji wata ƙara kamar ta zuma tana tashi har ta ɓace. Jama'a suka kewaye Samira suna addu'a har rana ta karkata. Wata maƙwabciya ta kawo fura daga geron gidanta. Yarinyar ta sha rabin ludayi, ta sha wani, ta ture ƙwaryar ta ce, "Inna, na ƙoshi."

Da aka buɗe rumbunan tara, babu ƙwaya ɗaya. Ƙaiƙayi ne da baƙin ƙwari. Gonakin da ya saya suka tafi ɗaya bayan ɗaya, masu cire takalmi suka daina bi ta ƙofarsa. Da damina ta zo ba shi da iri ko tiya guda, sai da gidajen nan shida, har da mai goyon da ya so ya ba wa furar, da maƙwabtansa Musulmi suka tara masa tafi-tafi.

Samira ta shiga lakwal. Kabiru ya daina cin ƙasa, amma har yau yana zaune a ƙofar gida yana kallon sarari, ana ta yi masa addu'a. Asibi ba ta bar gidan ba, kuma sau ɗaya tak ta yi maganar. Suna shuka, ba ta ko dube shi ba, ta ce, "Baban Kabiru, ranar da na tambaye ka lafiya, da ka faɗa, da Iya na nan."

Kai da ke kallon rumbun wani kana jin zafi a ƙirji, ka je ƙauyen nan lokacin da gero ya fara nuna. Allah ya kwance Yakubu, wannan gaskiya ne, kuma da ya kira tun farko da an amsa masa tun farko. Za ka same shi yana ba da waƙa da murya mai ƙarfi, rumbunsa ɗaya. Amma da ƙamshin tumu ya taso daga wani gida, sai ka ga dattijon ya tashi ya je ya zauna kusa da ɗansa a ƙasa, ya riƙe masa hannu, yaron kuwa bai san ko wane ne ba.