Jiƙaƙƙiyar Kunya

Da safen ranar awo, Malama ta cusa hannu cikin wata kunya a fili na huɗu, ta fito da shi wayam. Ganyen dankalin na nan yadda yake, amma a ƙarƙashi sai guntayen saiwoyi da aka yanke da wuƙa. Kunya shida ta duba, duk haka.

Mahaifinta yana tsaye a bayanta. Shekara arba'in yana noman dankali, kuma sabuwar riga ya ɗinka don ya ga 'yarsa tana bayani gaban shugabanta da manoma. Wannan ne gwajinta na farko a aikin malamar gona. Fili huɗu ta yanka: biyu ana shayar da su kullum, biyu mako-mako. A kowane kashi, ɗaya ana yi wa ganyensa feshin sinadari, ɗaya ana sa masa taki a gindi. Ta sha faɗa cewa na huɗun, mai ruwan mako-mako da taki, shi zai yi zarra. In sikeli ya ƙaryata ta yau, babu manomin da zai ƙara sauraronta.

"Baba, na shiga uku," ta ce.

"Ko ɗaya ba ki shiga ba. Matsa in gani."

Ya tsuguna da sabuwar rigar tasa, ya damƙi ƙasar. A jiƙe take, alhali mako biyu ke nan da Malama ta tsayar da ban ruwa don fatar dankalin ta yi ƙwari. Ya shinshina, ya miƙe. Mutum uku ke shiga gonar, ya sa aka kira su.

Ya fara da mai gadi. "Jiya ka bar ƙofa?"

"Da rana na je cin abinci, Baba. Amma ni in sata zan yi, ai wancan zan tona." Ya nuna fili na ɗaya mai ruwa kullum da feshi. "Dubi ganye kamar katifa."

Baba ya yi murmushi ya sallame shi.

"Kai kuma," ya ce wa mai injin ban ruwa, "wa ya jiƙa kunyar nan?"

"Inji kwanansa goma a wurin gyara. Kuma ruwana ta kwari yake bi, ba ya hawa kan kunya."

Gaskiyarsa, kwarin a bushe yake ƙamas.

Saura mai feshi, wanda tun shuka yake rantsuwa gaban manoma cewa sinadarinsa ba shi da na biyu. Yana tsaye, hannaye cikin aljihu.

"Ni da ganye nake aiki, Baba. Me ya haɗa ni da ƙasa?"

"Haka ne, ɗana. Af, ko gaisawa ba mu yi ba."

Baba ya miƙa hannu. Dattijo ya miƙa maka hannu, ina za ka kai naka? Mai feshi ya zaro nasa a hankali. Baba ya riƙe, ya juya tafin sama. Baƙin danƙo ne ɗige-ɗige har tsakanin yatsu.

"Malama, zo ki ga karatun da ba a ba ku a makaranta ba," in ji shi. "Ɗanyen dankali in an yanke shi yana tsatso farin ruwa kamar nono. In ya bushe a hannu sai ya koma baƙi, sabulu ba ya fid da shi rana ɗaya. Ɓarawon yunwa fizge yaɗon yake yi ya gudu, kuma ganye ke ruɗinsa, kamar mai gadinmu. Wannan ya san inda kunya ta tsattsage, nan 'ya'ya suke. Ya kwashe, ya mayar da ƙasa, ya jiƙa ta don ta kwanta. Sai dai da famfon feshinsa ya jiƙa, bai ɗauraye ba. Shinshina ki ji."

Ta shinshina. Warin sinadarin ne.

Mai feshi ya sunkuyar da kai. "Na ga nawa duk ganye ne, Baba. Kunya na guje wa."

"To ga shi ka tona shida, ka tono ta bakwai," in ji Baba.

A rumfar kaya, bayan durom ɗin ruwa, aka sami buhu biyu na dankalin da aka tone. Da baƙi suka iso, mai feshi da kansa ya ɗora su a sikeli tare da sauran amfanin fili na huɗu, bayan ya faɗi abin da ya yi da bakinsa.

Malama ta karanta awon kowane fili da murya a tsaye. Na huɗu ya kusa ninka na ɗaya. Manoma suka matso suna tambayar irin takin da ranakun ban ruwa, shugabanta yana ta gyaɗa kai.

Baba yana gefe, gaban rigarsa duk laka, daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa.

"Malama," ya kira ta, "ban ji na huɗun ba. Sake faɗa."

Ta dube shi. Ta san kunnensa ko faɗuwar allura ba ta wuce shi. Ta ɗaga murya ta sake faɗa.