Kan Karen da Yari Ya Kai

Da hantsi ɗan aiken mai garin Karaye ya iso caji ofis na Jega. Ya ce wata yarinya Kubura, ɗiyar Yari maharbi, ta rasu da wata irin mutuwa mai ban tsoro. Mutanen gari sun ɗaure tsohuwa Balaraba mai magani, sun ce ita ta ba ta guba, kuma suna shirin jifanta.

Sufeto Maccido ya hau doki, ɗan sanda ɗaya na biye da shi.

Ya tarar an riga an yi jana'iza. Uwar yarinyar, Mairama, tana zaune bakin ɗaki, idanunta sun kumbura.

"Allah shi jiƙanta. Yaya ciwon ya hwara?"

"Zazzaɓi ne, ranka shi daɗe. Daga baya sai ta riƙa kukan ƙishi, in na miƙa mata ruwa ta ture, maƙoshinta shina shaƙewa. Yawu na ta zuba."

"Kare ya taɓa cizonta?"

"Karenmu, tun kahin a cire albasa. Amma an kai kanshi wurin Bature, an ce lahiya lau."

A lokacin doka ce, duk karen da ya ciji mutum a kashe shi, a kai kansa wurin likitan dabbobi. Sufeto ya juya ga Yari, wanda ke tsugune jikin danga.

"Wa ya kashe karen?"

"Ni, da hannuna. Ni kuma na kai kanshi garin Aliero." Bai ɗago ido ba.

Sufeto ya sa aka kwance Balaraba, ya zaunar da ita a zauren mai gari.

"Iya, mi kika ba yarinyar?"

"Jiƙon sabara kaɗai, ɗana. Ko shi ba ta iya haɗiyewa ba."

"Kahin nan, wani daga gidan ya taɓa zuwa wurinki?"

"Babu kowa."

"Mutanen da ke waje ba su aje duwatsunsu ba, Iya. In na tahi ba da gaskiya ba, ban san mai tsare ki ba."

Tsohuwa ta sassauta murya. "Yari ya zo. Bayan an ce an kashe karen. Ya nemi hayaƙi da ƙaho, wai na wani mai zahin kai ne, mai zagaye wuri guda yana cizon ƙasa. Ya roƙe ni kada in hwaɗi."

Washegari Sufeto ya isa Aliero, inda likitan dabbobi ya kafa sansanin allurar shanu. Baturen yana jin Hausa. Ya ce in hauka ya kama kare, ƙwaƙwalwarsa kan kumbura, kuma akwai alamar da ake gani a madubin likita. Ta karen Karaye an duba ta, babu komai.

"Da an ga alamar fa?"

"Da na tura yarinyar asibiti a yi mata allurai tun ciwon bai hau kanta ba. Watakila da tana raye."

"Ka tuna kamannin kan?"

"Jan kare ne, mai dogayen kunnuwa."

Sufeto ya tuna Yari maharbi ne. Kowa a ƙasar ya san maharba na yanke wa karnukansu kunne tun suna 'yan kwikwiyo, don kada ƙaya ko naman daji ya kama su.

Da ya koma Karaye bai shiga gari ba. Ya bi fadama har bukkar Yari ta gadin albasa. A ciki ya ga turke da igiya duk an tattaune ta, da kasko mai tokar hayaƙi. Bayan bukkar akwai wurin da aka tona aka rufe. Ɗan sanda ya haƙa. Gawar kare ce, ga kan nan a jikinta, kunnuwan a yanke.

Aka kawo Yari gaban ramin. Mairama ta biyo baya.

"Kan wane kare ka kai Aliero?"

Yari ya durƙusa. "Na kasuwa ne, irin masu bin mahauta a Jega. Nama na jehwa mai."

"Don mi?"

"Wanga kare ya taɓa tare mini gyado, da tuni na mutu. Na ɗauka iska ce ta buge shi, ko zahin rana. Na ce in yi mai hayaƙi, in sa mai ƙaho a ƙeya, shi warke. Ita ko yarinyar, na ƙona gashinshi na sa mata a ciwon, yadda ubana ke yi. Ciwon har ya rufe, ranka shi daɗe. Na ce shi ke nan."

"Da aka kama Balaraba, ina bakinka?"

Ya rufe fuska. "A sake ta. Ba ta yi komi ba."

Ɗan sanda ya sa masa ankwa. Sun fara tafiya ke nan Mairama ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Baban Kubura, ranar da ka dawo ka ce mini kan lahiya lau, na toya masa na yi sadaka don murna. Kubura da kanta ta kai maka taka. Ka ci?"

Yari ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Na ci," in ji shi.

Sufeto ya ɗaga hannu, aka wuce da Yari hanyar Jega.