Akuyar da Ta Daina Tuƙa

Can a wani zamani, an yi wata tsohuwa mai akuya ɗaya tak, da nononta take shayar da jikanta maraya. Wata rana akuyar ta faɗa gonar wake, ta cika tumbi da ɗanyen ganye. Cikinta ya kumbura kamar ganga, ta kwanta tana nishi, ta daina tuƙa.

Mahauci ya zo da wuƙa, ya ce, "Iya, a yanka ta kafin ta yi mushe."

Tsohuwa ta ce, "Dakata, ɗana. Iska ce ta tare hanya. Sai abincin ya dawo baki ta sake taunawa, sannan ya bi jini ya zama nono."

Ta ɗura mata man gyaɗa, ta tashe ta tsaye, tana murza cikin. Jikan na kuka, tana murzawa. Mahauci na wasa wuƙa, tana murzawa.

Ya ce, "Iya, za ki rasa nono, ki rasa nama!"

Ta ci gaba da murzawa.

Can sai akuya ta yi doguwar gyatsa. Loma ta hauro wuyanta, baki ya fara juyawa.

Tsohuwa ta ce, "Mayar da wuƙarka kube, ɗana. Ɗauraye mini ƙwaryar tatsa."